Solfrid da Rijiya ta Uku

Na yi aiki a ofis ɗaya da Solfrid Undheim a birnin Stavanger tun ina da gashi a kaina har ya kakkaɓe. Teburina yana fuskantar nata, taga ɗaya muke kallo, kuma butar kofi ɗaya muke sha, wadda ba ta taɓa yarda cewa ita ce ta ƙarar da ita ba. Sunana Sigve. Aikina awon rijiya. Idan an haƙa rijiyar mai a ƙarƙashin teku, akan zura na'urori da waya har ƙasa, a jawo su a hankali suna auna dutsen da ke jikin ramin: nauyinsa, yawan ƙofofin da ke cikinsa, da ko ruwan gishiri ne ya cika ƙofofin ko mai. Ni nake karanta abin da suka auno. Abin da na sani na san shi sarai, amma iyakarsa faɗin ramin, wanda bai fi faranti ba. Da ka matsa kaɗan daga jikin rijiyar, ni da makaho ɗaya muke.

A nan aikin Solfrid yake farawa. Jirgi yakan bi saman teku yana jan dogayen igiyoyi cike da na'urorin sauraro, yana harba ƙara zuwa ƙasa. Ƙarar ta ratsa ruwa ta shiga duwatsu, kowane shimfiɗi ya mayar da amsa-kuwwarsa. Ita ce take ɗaukar wannan amsa-kuwwa ta juya ta a kwamfuta har ta koma dutse: nan yashi ne da ya daskare, nan laka ce, nan kuma yashin ya sha mai. Juyi muke ce wa aikin. Sai dai amsa-kuwwa ita kaɗai tana iya nufin abubuwa da yawa, don haka dole ta zo wurina ta karɓi awon rijiyoyi, ta ɗaura shi da abin da jirgi ya jiyo, ta yi ta gyara har su yarda da juna a wuraren da aka riga aka haƙa. Idan sun yarda a nan, sai ta yi ƙarfin halin faɗin abin da ke tsakanin rijiya da rijiya, inda hannu bai taɓa kaiwa ba.

'Yar gona ce daga Jæren, kudu da gari, inda iska ba ta hutawa kuma kowane shinge na dutse ne da kakanni suka tsinto daga cikin ƙasar noma. Mahaifinta Ommund yana da shanun nono da 'yan tumaki. Mutumin ɗakin addu'a ne mai tsananin riƙon addini, ba giya a gidansa, ba rawa, ba aiki ranar Lahadi ko da ciyawa na jiƙewa a fili. Solfrid ce babba, ita ke da haƙƙin gadon gonar, amma ta bar wa ƙanenta ta ce za ta Trondheim karatu. Ta ba ni labari cewa uban bai yi faɗa ba. Shi ya kai ta tashar jirgin ƙasa, ya ɗaukar mata akwati, sai da jirgi ya kusa tashi ya tambaye ta abin da za a koya mata a can. Ta ce sauraron duwatsu. Ya kalli takalmansa.

"Na gonar nan ba su ishe ki ba ke nan," in ji shi, ya miƙa mata ƙunshin burodi da cuku.

Ta dawo Stavanger lokacin da mai ya riga ya juya garin, gidajen gwangwanin kifi sun rufe, Amurkawa masu faffaɗar hula sun cika bakin tashar jiragen ruwa. Ita kaɗai ce mace a sashenmu har tsawon shekaru. Ba ta da yawan magana, ba ta kwalliya, rigar ulun da ta saƙa wa kanta ita take sawa ko da manyan kamfani sun zo. Ta auri Torleiv, malamin da ke koya wa yara aikin katako a makarantar firamare, mutum mai sanyin hali wanda ke kiranta Shugaba idan yana so ya tsokane ta. Allah bai ba su haihuwa ba. Suna da kare, da ƙaramin gida mai lambu a bayan gari, kuma tana waƙa a ƙungiyar mawaƙan coci kowace Laraba da yamma.

Kusan duk rayuwar aikinta a kan filin mai ɗaya ta yi ta. Yana da suna a takardun gwamnati, amma mu Tsohuwa muke ce masa, domin tun muna matasa ake cewa ya kusa ƙarewa. Dandamali ne guda a tsakiyar teku, ƙafafunsa na ƙarfe, da mutane ɗaruruwa da ke karɓa-karɓa a kansa, su yi makonni a teku su dawo gida su huta. Solfrid ta san ƙarƙashin Tsohuwa kamar yadda uwar gida ta san kabad ɗinta. Idan ka ambaci rijiya, za ta gaya maka shekarar da aka haƙa ta da irin wahalar da ta bayar.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in farashin mai ya faɗi warwas. Rijiyoyin Tsohuwa sun koma fitar da ruwa fiye da mai, manya suka fara maganar rufe ta. A daidai lokacin ne aka kawo sabon sauraro da wani jirgi ya yi a kan filin, mai kyau fiye da na dā, amma ba wanda yake da niyyar ɓata lokaci a kansa. Solfrid ta roƙa a ba ta hunturu ɗaya. Aka ba ta, tare da ni.

Ban taɓa yin aiki irin na wannan hunturun ba. Na koma kan tsofaffin awo, wasu a kan dogayen takardu da suka fara yin ja, na gyara su rijiya bayan rijiya. Ita kuma tana ɗaurawa tana warwarewa. Rijiya ɗaya ta ƙi yarda da amsa-kuwwar har sai da muka gano cewa ramin ya zaizaye a wurin, na'urar ta auna taɓon da ake zubawa a ramin a maimakon dutse. Muna fita gari ya yi duhu tun la'asar, muna shigowa bai waye ba. Wata safiya ta kira ni in zo in duba. A gefen gabas na filin, inda kowa ya ɗauka laka ce zalla, sai ga wani abu yana lanƙwasa a taswirarta kamar maciji. Tsohon kogi ne da ya binne tun kafin a yi mutane, cike da yashi, kuma babu rijiyar da ta taɓa shi.

Ta sha gardama kafin a yarda. Wasu sun ce kwamfuta takan zana wa mutum abin da ransa yake so. Ta amsa musu ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɗaga murya, har aka amince da rijiya uku daga kan dandamalin. Ni na karanta awon ta farko. Da na ga kaurin yashin da yadda ya ƙoshi da mai, sai na miƙe na ajiye mata takardar a gabanta. Ta duba, ta cire tabarau, ta ce in je in sayo kek kafin shugaban sashe ya ce shi ne ya gano. Ta biyu ma haka ta fito. Aka daina maganar rufe Tsohuwa.

Bayan rijiya ta biyu aka gayyace mu dandamalin. Solfrid tana tsoron jirgi mai saukar ungulu, ta runtse ido tun daga tashi har sauka. Masu haƙa sun riga sun raɗa mata suna, Bokanya, don a wurinsu duk mai kallon ƙasa daga ofis ɗan duba ne, sai dai wannan dubanta yana ci. A ɗakin cin abinci wani ƙato daga tsibirin Karmøy mai suna Kolbein Vea, ɗaya daga cikin masu aiki a bakin rijiya, ya zo ya zauna gabanta ya shimfiɗa mata tafin hannunsa a kan tebur. Ya ce tunda tana ganin abin da ke ƙarƙashin teku, ta taimaka ta duba masa inda kifi ya gudu, don surukinsa ya dame shi da gori. Ta gyara tabarau ta duba hannun da gaske, kowa ya zuba ido.

"Kifin ban gan shi ba," ta ce. "Amma na ga faranti na uku yana tafe, kuma matarka ba ta sani ba."

Dariya ta cika ɗakin, Kolbein ya fi kowa. Ya tashi ya kawo mata kofi da kansa. Wannan ne kaɗai zaman da suka taɓa yi.

Kafin rijiya ta uku aka yi taro kamar kullum, mu a ofis, shugabannin haƙa a teku suna jinmu ta waya. Babbansu Tønnes, dattijo ne da ya fara aiki tun zamanin da ba a sa hular kwano. Ya tambaya game da dogon shimfiɗin da za su ratsa kafin su kai ga kogin yashin, ko akwai abin da ya kamata su sani. Yana tambaya ne don ya san nauyin taɓon da za su riƙa zubawa a ramin, domin nauyin taɓo ne yake danne duk abin da ke ƙasa kada ya taso. Solfrid ta dubi taswirarta. Wurin launi ɗaya ne daga sama har ƙasa.

"Babu komai a nan sai laka, Tønnes. Ku wuce abinku."

Ina zaune a wurin. Duk wanda ke ɗakin abin da zai faɗa ke nan.

Ranar da abin ya faru Alhamis ce, muna ɗakin cin abinci na ofis ana cin komle, wato curin dankali, da naman gishiri, aka zo aka kira shugaban sashe. Da ya dawo bai zauna ba. A tsakiyar lakar nan haƙa ta faɗa cikin wani siririn yashi mai matsi mai tsanani, iskar gas ta turo taɓo sama. Mutanen sun yi abin da aka koya musu, sun rufe bakin rijiyar a kan lokaci, ba wuta, ba fashewa. Amma suna cikin sarrafa matsin wani bututu ya tsage, guntunsa ya sami Kolbein a ƙirji. Ya cika a cikin jirgi kafin a kai asibiti. Ya bar matarsa, Ingunn, da 'ya'ya mata biyu 'yan makaranta.

Solfrid ta ajiye cokali mai yatsu, ta kai farantinta inda ake ajiyewa, ta koma ofis ta buɗe taswirar. Da na shigo tana kallon wurin, launin nan ɗaya.

Daga baya, da aka shawo kan rijiyar, ni na karanta awonta. Yashin bai fi tsayin mutum ba. Laka ta kulle shi ta kowane gefe, kuma ruwan da muka yi shekaru muna turawa cikin filin daga yamma don ya koro mai ya sami wata tsaga ya cika shi da matsi. A irin wannan zurfi amsa-kuwwa ba ta rarrabe abin da bai kai tsayin bene mai hawa huɗu ba. Masu bincike suka zo suka tafi, suka ce bututun yana da tsohuwar tsaga da ba a gano ba, taswira kuwa ba ta da laifi. Shugaban sashe ya karanta mata wannan sakin layi da bakinsa. Ta gyaɗa kai ta gode masa.

Duk bazarar nan ta yi ta sake juyin, ta wannan hanya, ta waccan, har ta sa awon rijiya ta ukun a ciki don ta ga ko yashin zai bayyana. Bai bayyana ba. Na ɗauka hakan zai kwantar mata da hankali. Wata rana da hantsi na ce mata to ai ta gani da idonta, babu mahalukin da zai iya hango shi, ta bar abin haka.

"Ai shi ne abin, Sigve," ta ce, ba ta ɗago ba. "Na san na'urar ba ta ganin siririn abu. Tun ina makaranta na sani. Mutumin nan ya tambaye ni. Da sai in ce ban ga komai ba. Na ce babu."

Na ce mata ai duk ɗaya ne, haka kowa yake magana. Ta ce ba ɗaya ba ne, kuma ni ma na sani.

Ta daina zuwa waƙa. Torleiv ya gaya mini tana cin abinci, tana fita da kare, amma kamar baƙuwa take a gidan. Ta je ta ga mahaifinta, wanda a lokacin yana gidan kula da tsofaffi, ta ba shi labarin duka. Tsohon ya so ya rarrashe ta. Ya ce shi ma ya taɓa karya garma a filin da zai iya rantsuwa ya gama tsince duwatsunsa. Sai ya juya ya kalli taga, ya ce amma fa garma ce, ba mutum ba. Ya riƙe hannunta har aka zo kiran cin abinci.

Da rani ya shigo ta ce za ta Karmøy ta ga matar Kolbein. Lauyoyin kamfani sun ce kada ta je. Ta ɗauki hutun kwana ɗaya, ta roƙe ni in tuƙa ta, don ba ta yarda da hannunta a kan sitiyari ba. Muka shiga jirgin fito da mota. Gidan fari ne, a kan tudu, ƙaramin kwalekwalen Kolbein yana kife a gefe an rufe shi da tamfol. Na so in jira a mota, amma Ingunn ta leƙo ta ce ba a barin mutum a waje kamar kare. Siririyar mace ce mai aikin jinya, idanunta a bushe. Ta zaunar da mu a kicin, ta zuba kofi, ta ajiye waina a faranti.

Solfrid ta faɗi sunanta da aikinta. Ta bayyana taron, da tambayar Tønnes, da amsar da ta bayar, kalma da kalma. Ba ta ambaci bututun ba, ba ta ambaci masu bincike ba. Ingunn tana saurare tana juya zoben hannunta.

"Da kin ce ba ki gani ba, da ba su haƙa ba?"

"Da sun haƙa. Wataƙila da sun ƙara wa taɓon nauyi. Wataƙila kuma da ba su ƙara ba."

"To me kike so in yi da wataƙilarki, baiwar Allah?"

Solfrid ta ce ba ta zo neman komai ba. Ta ga dai bai kamata matar ta ƙare rayuwarta ba ta ji wannan ba, kuma daga bakin wadda ta faɗa. Ana jin rediyo a ɗakin yaran a sama. Daga nan Ingunn ta ce ta san Solfrid tun kafin yau. Kolbein ya dawo gida yana ba da labarin Bokanyar da ta duba masa hannu, yana dariya har yana dukan tebur. Kafin a gano kogin yashin nan ya riga ya fara neman aiki a jiragen kamun kifi na arewa, inda sai ya yi watanni ba ya gida, kuma ranar da aka ce Tsohuwa za ta ci gaba har rawa ya yi da ita a kicin ɗin nan.

"Yanzu ban sani ba, in gode miki ne ko in kore ki," ta ce. "Sha kofinki, yana hucewa."

Muka sha. Da za mu fita ta rako mu bakin ƙofa, ta ce wa Solfrid gara da ta zo, amma kada ta sake zuwa. Ba su ƙara haɗuwa ba. A jirgin fito Solfrid ta fita ta tsaya a waje cikin iska har muka iso.

Bayan hutun rani ta dawo da wata buƙata: kafin kowace rijiya da za a haƙa a Tsohuwa, ita da kanta za ta je dandamalin ta yi wa masu haƙa bayani. Ba shugabanni kaɗai ba, har waɗanda ke tsaye a bakin ramin. Wannan yana nufin ta riƙa sabunta horon ceton rai na masu hawa jirgi mai saukar ungulu, inda ake ɗaure mutum a kujera a kifar da shi cikin ruwa ya kwance kansa ya fito. Ta tsani abin, takan yi amai kafin ta shiga, amma ta yi ta yinsa har ta haura sittin. A can takan tsaya a ɗakin kallon fim da taswirarta, ta nuna musu abin da ta gani, da abin da take zato, sannan ta nuna inda ba ta iya gani sam. Waɗannan wurare ta fara shafa musu launin toka, abin da ba a saba yi ba a sashenmu. Karon farko Tønnes ya zauna a baya ya harɗe hannu. A karo na gaba ya matso gaba da kujerarsa. Sunan Bokanya kuwa ya mutu da kansa, ba wanda ya hana.

Manya ba su so launin tokar ba. Yana sa a yi haƙa a hankali, a ƙara shiri, a ɓata kwanaki, kuma ba ya kyau a gaban masu zuba jari. Sau biyu aka tsallake ta aka ɗaga waɗanda ita ta koya wa aiki. Ba zan ce abin bai dame ta ba, ya dame ta, takan yi ta mita a kai idan mu biyu ne. Ita ma ta yi tsauri. Matasan da aka kawo mata suna tsoronta. Idan yaro ya nuna taswira mai kyau ya ce ga yashi nan, sai ta tambaye shi da me ya sani, ta ci gaba da tambaya har ya rasa ta cewa a gaban mutane. Wata yarinya mai basira ta nemi a canza mata sashe saboda ita. Na gaya wa Solfrid cewa ta wuce gona da iri, ta yi fushi da ni mako guda, sannan ta je ta ba yarinyar haƙuri, amma yarinyar ba ta dawo ba.

Ba a sake rasa rai a bakin rijiya a Tsohuwa ba. Ko saboda ita ne, ko saboda sababbin bututu da sababbin dokoki, ko sa'a ce kawai, ba wanda zai iya cewa, ita ma ba ta taɓa da'awar komai ba. Ta koma waƙa bayan wasu shekaru, a sahun baya. Filin da aka so a rufe ya ƙara kusan shekara ashirin yana ba da mai, yaran da aka haifa lokacin da ta ga kogin nan har sun shiga jami'a da albashin iyayensu.

Da farashi ya sake faɗuwa, kamfani ya fara rage mutane, aka kira mu biyu rana ɗaya aka ba mu shawarar mu yi ritaya da wuri. An yi mana walima da kek da jawabi. Ta miƙa aikinta ga wani saurayi, ta zauna da shi tana bi da shi rijiya bayan rijiya har ranar ƙarshe, ta ɗauki kofinta da tabarau ta fita. Ba a jima ba Torleiv ya kamu da ciwon mantuwa. Ta yi jinyarsa a gida muddin ƙarfinta, tana ɓoye masa kayan sassaƙa masu kaifi, tana bar masa takardar goge katako da guntayen itace ya yi ta shafawa. Bayan ya rasu ta fara zuwa laburaren gari tana koya wa baƙi balagaggu da suka zo neman mafaka lissafi. An ce a can tana da haƙuri ƙwarai, abin da ya ba ni mamaki.

Wata safiya ta kira ni ta ce an ciro saman dandamalin Tsohuwa, za a shigo da shi wani lungun teku a arewa inda ake yanka tsofaffin ƙarafa, ko zan kai ta. Muka tafi da kofi a gora da burodi. Mun tarar da mutane a kan tudu, yawancinsu tsofaffi irinmu, wasu da jikoki a kafaɗa. Wani ƙaton jirgi ya shigo a hankali ɗauke da abin gaba ɗaya, da ɗakunan kwana, da hasumiyar haƙa, da filin saukar jirgi, duk tsatsa da kashin tsuntsaye. Ba mu taɓa ganinsa kusa da ƙasa ba, da duwatsu da gidaje a bayansa. Wani tsoho kusa da mu yana nuna wa matarsa tagar ɗakin da ya kwana shekara da shekaru. Solfrid ta zauna a kan dutse ta daɗe tana kallo. Na tambaye ta ko tana so mu matsa kusa, ta ce nan ma ya isa. Ta tambayi yadda aka toshe rijiyoyin, na gaya mata an cika su da siminti, an yanke bakinsu a ƙasan teku. Ta ce to madalla. Da sanyi ya fara shiga gwiwoyinta ta miƙo mini hannu na tashe ta, muka gangara.

Ta rasu a kakar da ta biyo baya. Zuciyarta ce ta tsaya wata safiya tana tone dankali a lambu, maƙwabciyarta ta hango ta ta kan shinge. An binne ta a Jæren kusa da iyayenta da mijinta, 'ya'yan ƙanenta suka ɗauki akwatin. Ana ruwa da iska ranar, limamin cocin ya taƙaita addu'a a bakin kabari. Bayan nan muka shiga ɗakin taro aka ci burodi da kifi, aka sha kofi. Ɗalibanta na laburare sun zo su da yawa, suka zauna tebur ɗaya a gefe. Wata daga cikinsu, mace mai shekaru, ta zo ta tambaye ni ko gaskiya ne malamar tasu a kamfanin mai ta yi aiki, domin ba ta taɓa gaya musu ba. Na ce gaskiya ne. Ta tambaye ni wane irin aiki, sai na jawo kujera na ce ta zauna.